Mudu, Dami da Takardar Haraji: Tarihin Ƙidaya a Ƙasar Gusau

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa, ta ratsa Tsafe, ta keta Gusau, ta fita ta Bungudu ta nufi Sakkwato, idan tafiyar tasa ta dace da kaka, ba zai rasa ganin dammunan gero da na dawa jere a bakin gonaki ba, da buhunan wake a gindin motoci, da shanu ana kora su kasuwa. Kuma a cikinsu babu dami, babu buhu, babu sa guda, wanda wani bai ƙidaya shi ba, ko bai auna shi ba, ko bai yi masa kirdado da ido ba. Fannin nan da ake karantarwa yau a Jami'ar Tarayya ta Gusau da sauran makarantu da sunan ilmin ƙididdiga, in aka tuɓe masa rigar alamomi da jadawali, tambayoyinsa na farko su ne waɗanda manomi da mai awo da malamin zakka suka daɗe suna yi: nawa ne duka, in duka ba ya ƙidayuwa wane ɓangare za a duba ya wadatar, wane adadi ne zai tsaya a madadin 'yan'uwansa, kuma ina iyakar kuskuren da mai lissafi ya yarda yana iya yi. Abin da nake so in nuna shi ne mutanen ƙasar nan ba su taɓa rasa basirar amsa waɗannan tambayoyi ba. Abin da ya sha ɓata alƙalumansu shi ne abin da suka san zai biyo bayan ƙidayar, tsoro a wani zamani, kwaɗayi a wani.

Tsakanin Tsafe da Gusau akwai 'Yandoto, wadda tun kafin jihadi ta shahara da malamai da almajirai a wannan yanki da ake kira Katsina Laka, har Muhammadu Bello ya yaƙe ta a farkon jihadi, Malam Sambo ɗan Ashafa kuma ya kafa Gusau, zuriyarsa suka riƙe sarautar Sarkin Katsinan Gusau. Ɗalibin irin waɗannan makarantu, da zarar ya kai babin zakka a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ya shiga hisabi ko bai yi niyya ba, domin ba a fitar da zakkar hatsi sai ya kai nisabi, nisabi kuwa wasaƙi 5 ne, kowane wasaƙi sa'i 60, kowane sa'i mudun Annabi 4, jimla mudu 1200. In ruwan sama ya shayar da gonar a fitar da ushira, in da wahalar ban ruwa aka noma a fitar da rabin ushira. Shanu sai sun kai 30 ake fitar da maraƙi, tumaki da awaki sai sun kai 40 ake fitar da guda, kuma gudan nan ita ce wajibi har su kai 120. Amma abin da ya fi burge ni a babin shi ne hukuncin jinsi: a mazhabar Malikiyya gero jinsi ne mai zaman kansa, dawa haka, shinkafa haka, ba a haɗa wannan da wancan don a cika nisabi, alhali dangin wake ana haɗa su wuri guda. Wato kafin a ɗaga mudu sai an fara yanke hukuncin abin da ake aunawa, da abin da ya shiga, da abin da ya fita. Kuma duk wanda ya taɓa koyar da ƙididdiga ya san a nan ne mafi yawan lissafi ke lalacewa, tun ba a kai ga tarawa da rabawa ba. Ba abin mamaki ba ne ƙasar da ake karatu irin wannan, ga kuma ilmin rabon gado, ta fitar da masanin hisabi kamar Muhammadu Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Shari'a ta san akwai abin da ba ya jiran mudu. Dabino da inabi ana cin su ɗanye tun suna bisa, saboda haka aka halatta a aiki amintaccen masani ya zaga gonar ya ƙiyasta abin da za ta bayar in ta bushe, a ɗora zakka a kan ƙiyasinsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan aiki Abdullahi ɗan Rawaha, Allah Ya yarda da shi, zuwa Haibara don irin wannan ƙiyasi, kuma ya zo a Muwaɗɗa cewa mutanen garin sun tara masa kayan adon matansu don ya sassauta, ya ƙi karɓa. Sa'an nan in ya gama ƙiyasi sai ya ba su zaɓi, ko su riƙe amfanin su biya rabin abin da ya faɗa, ko shi ya riƙe ya biya su. Duk mai hankali zai ga hikimar zaɓin nan, domin wanda ya san ana iya ɗora masa ƙiyasinsa ba zai kuskura ya zarce ba, ba kuma zai kasa ba. Manomin Bungudu ko na Kwatarkwashi bai karanta wannan ba sau da yawa, amma aikinsa ɗan'uwan wannan ne. Yana ƙidaya dammunan da aka ɗauro, ya ware ɗaya cikin goma; in kuwa yana shakkar ko ya kai nisabi, sai ya zaro dami guda, ba mafi girma ba, ba kuma ƙanƙanin ƙarshe da yara suka ɗaure ba, a sussuke, a sheƙe, a auna, ya ninka abin da ya samu da yawan dammunan. Damin nan guda shi malaman ƙididdiga ke kira samfuri, sauran rumbun kuma shi ne dukan abin da ake neman sani, kuma ingancin hukuncin duka ya rataya ne a kan yadda aka zaro damin.

A kasuwar hatsi ake ganin wannan ƙuru-ƙuru. Mai sayen buhun gero a kasuwar Tsafe, in ya san abin da yake yi, ba ya tsayawa ga abin da ke bakin buhu, domin ya san bakin buhu fuska ce da aka yi wa kwalliya. Yakan zage hannun riga, ya nutsa hannu har gwiwar hannu, ya damƙo daga ciki, ya baza a tafinsa, ya hura ya ga yawan ƙaiƙayi, ya murza ya ji ko da tsakuwa, ya jefa 'yan ƙwayoyi a baki ya ciza don ya ji ko ya bushe; in buhuna goma ne ba zai yarda mai kaya ya nuna masa wanda zai buɗe ba, shi zai nuna da kansa, ɗaya daga gaba, ɗaya daga can ƙarƙashi. Asalin wannan ma yana cikin hadisi, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar a kan algus. Bayan samfuri sai ma'auni, a nan kuwa kasuwanninmu suna da tsohon miki, domin mudun wannan gari ba shi ne na wancan ba, tiya ba kwano ba ce, kwanon da aka buge wa gindi ba daidai yake da lafiyayye ba, awon da aka yi wa tozo aka tare da hannu ba daidai yake da shafaffe ba. Alƙur'ani ya keɓe sura guda da sunan masu tauye awo, kuma saboda wannan laifi aka halaka mutanen Annabi Shu'aibu. Wanda duk ya tara farashin mudu daga kasuwanni biyar ya raba biyar, bai tsaya ya tabbatar mudun guda ne ba, ya sami adadi, amma bai sami ilmi ba.

Ƙidaya ta sarauta wani abu ce dabam. Jangali ya girmi Turawa, har Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya lissafa shi a Kitabul Farƙi cikin abubuwan da sarakunan Hausa ke ɗora wa talakawa ba bisa shari'a ba. Amma bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, Turawa suka mai da haraji da jangali ginshiƙin mulkinsu, suka kafa baitulmali, suka sa kome a takarda. Di'o yakan fita rangadi ya sauka a gari, a tara masa masu unguwanni, a ƙidaya gidaje da magidanta da dabbobi da masu sana'a, a auna waɗansu gonaki kaɗan a ƙiyasta abin da eka ke bayarwa, a ninka da yawan gonakin, a buga da farashin kasuwa, sa'an nan a yanka wa garin kuɗi dunƙule, uban ƙasa da dagatansa su rarraba wa jama'a. A ƙasar Kano har malaman taki aka yi, masu auna gona da takun ƙafa. In aka dubi tsarin ta fuskar lissafi, ba shi da aibi mai yawa, ƙiyasi ne daga samfuri kamar na mai dami. Aibinsa shi ne kowa ya san abin da takardar za ta haifa.

Saboda haka ranar da aka ji malamin haraji zai iso, saurayin da gemu ya fara tsiro masa sai a tura shi gona mai nisa, baƙon da ya zo cin rani sai ya ƙara gaba, Bafulatani kuma tun da asuba ya raba garke, ya kora rabi cikin daji ko ya ƙetara da su ƙasar wani uban ƙasa, ya bar abin da zai nuna. Ga kuma al'ada, wadda ba ta son a ƙidaya 'ya'ya ko dukiya a bainar jama'a don tsoron baki, da kunyar ɗan fari wadda ke sa uwa ta tsallake shi in ana lissafin 'ya'yanta, da kulle wanda ke hana baƙo namiji ganin matan gida. Kuskure iri biyu ne, kuma wajibi ne mai karatu ya rarrabe su. Akwai na tuntuɓen alƙalami, yau a ƙara ɗaya gobe a rage ɗaya, wanda in ƙidayar ta yi yawa yakan cinye kansa. Akwai kuma wanda ya karkata gefe guda, kowane gari ragi, kowace ruga ragi, wannan kuwa yawan ƙidaya ba ya warkar da shi, sai dai ya ƙara masa kwarjini a takarda. Ƙidayar jama'a ta 1931 mafi yawanta daga takardun haraji aka tsamo ta, in ban da Legas da 'yan garuruwa da ƙauyuka kimanin 200 na Arewa inda aka bi gida gida. Kuma shekara biyu kafin nan, a 1929, matan ƙasar Ibo sun yi bore mai girma, mafarinsa jita-jitar cewa ƙidayar mata da dabbobi da aka fara share fagen sa musu haraji ce. Talakan Gusau bai yi bore irin wannan ba, amma fahimtarsa da tasu guda ce.

Harajin dunƙule ya koya wa mutane wani darasi, wanda littattafan ƙididdiga ke jinkirtawa sai babi na biyu, wato zaluncin da ke iya ɓuya a cikin matsakaici. A ƙaddara magidanta biyar ne a unguwa, huɗu kowannensu ya ɗaure dami 40, na biyar mai gandu da barori ya ɗaure 340. Jimla dami 500, in aka raba biyar kowa ya tashi da 100, alhali babu ko mutum guda a unguwar mai dami 100, kuma in aka yanka haraji bisa wannan adadi, mutum huɗu za su biya na abin da ba su noma ba, na biyar ya biya ƙasa da sulusin nasa. Da an jera su daga ƙarami zuwa babba an ɗauki na tsakiya, da an sami 40, wanda shi ne halin unguwar na haƙiƙa. Dagaci mai tsoron Allah yakan gyara wannan da saninsa na mutane, ya sauƙaƙa wa mai rauni ya ɗora wa mai ƙarfi. Wanda ba shi da tsoron Allah kuwa a nan ne yake samun ƙofa.

Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta kai Ƙaurar Namoda a 1929, ita ce ta mai da Gusau babbar matattarar gyaɗa da auduga, ta jawo kantunan Turawa da Kwara da 'yan baranda, aka kafa injin gurzar auduga, daga baya masaƙa da matsar mai. Tare da jirgi sikeli ya zo, aka koma sayen kaya da nauyi, laba da tan, maimakon cikar kwano, manomi kuma ya tsaya gaban wani ma'auni wanda ba ya iya karanta shi. Auduga ana duba ta a ba ta daraja, ta ɗaya ko ta biyu, kowace da farashinta, malamin dubawa kuwa ba ya tsefe ƙunshi duka, hannu yake zurawa nan da can, gyaɗa kuma a soki buhu da ƙarfe mai rami a zaro 'yan ƙwayoyi. Ba sai an faɗa ba, cuta ta gudana ta fuska biyu, mai sikeli yana danne awo, mai kaya yana yayyafa ruwa ko ya cusa yashi. Amma daga 1949 da aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da auduga har 1986 da aka rushe hukumomin ciniki, abin da aka saya a tashoshi irin Gusau an rubuta shi tan tan, har ya zama alƙaluman gyaɗa da auduga sun fi na kowane amfani inganci, alhali gero da dawa, waɗanda su ne ran jama'a, babu mai rubuta su. Hukuma takan ƙidaya abin da take ci ne.

Raunin wannan ya bayyana a shekarun yunwa. Ruwan da Gusau ke samu a shekara, in aka daidaita shekaru da yawa, yana wajen milimita 900, adadin da ke wadatar da gero da dawa da auduga. Sai dai manomi ba ya shuka a matsakaiciyar shekara, a wannan shekarar da ke gabansa yake shuka, wadda tana iya zuwa da wuri ta yanke ana tsakiyar bununi, ko ta makara, ko ta zubar da rabin ruwanta cikin mako biyu. Tazarar da ke tsakanin shekara mai albarka da shekarar fari, da yawan yadda shekaru ke kauce wa matsakaicinsu, shi masana ke aunawa da sunan warwatsuwa, kuma ga mai iyali ya fi matsakaicin kansa muhimmanci. Tsofaffi sun riƙe wannan lissafi da sunaye: Kakalaba ta 1914, 'Yar Buhu ta 1927, da ta 1942 wadda mutanen ƙasar Katsina da Daura suka sa wa suna 'Yar Gusau, ana cewa saboda nan aka riƙa zuwa neman hatsi. Fari na 1973 da ciwon da ya kashe gyaɗa a 1975 suna cikin wannan jeri. Rumbun da ake hana taɓawa sai damina ta tsaya, da haɗa gero da dawa da wake a kunya guda, duka dabarun rage warwatsuwa ne, ko da yake malaman gona na farko sun ɗauke su jahilci. Sai da David Norman da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta Samaru suka zauna a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi na ƙasar Zazzau a 1966 da 1967, suna bin magidanta a kai a kai har shekara ta zagayo, suna rubuta aiki da amfani, sa'an nan alƙaluma suka tabbatar da cewa gaurayen shuka ya fi riba a eka, ya kuma fi tsare mai shi daga asara.

A 1975 aka buɗe manyan ayyukan raya noma guda uku da rancen Bankin Duniya, a Funtuwa da Gusau da Gombe, kuma tun da mai ba da rance yana son ya san ko kuɗinsa sun yi aiki, sai aka kafa sashen bin diddigi, aka ɗauki samari masu ilmin boko aka zaunar da su a ƙauyuka. A iya sanina na tarihin yankin, wannan ne karo na farko da aka daɗe ana auna noman abinci na ƙasar Gusau bisa ƙa'idar samfuri ta zamani. Ƙa'idar ba tsohuwa ba ce ko a Turai: Anders Kiaer na ƙasar Norwe ya kawo shawararta a 1895 aka yi masa ca, sai a 1934 Jerzy Neyman ya kafa mata hujja ta lissafi, Mahalanobis kuma ya gwada ta a gonakin Bengal ta Indiya. Ruhinta shi ne ƙuri'a. Ba dagaci zai zaɓi gidan da za a shiga ba, domin zai nuna gidan ɗan'uwansa ko na wanda ya fi kowa taki. Ba malamin gona zai zaɓa ba, domin zai so gonar da ke bakin hanya. Sunaye za a jera duka, ƙuri'a ta fitar, yadda kowane magidanci yana da rabon fitowa daidai da na kowa. Fiƙihu ma ya san rabo da ƙuri'a a tsakanin magada, don a kawar da zargi. A gonar da ta fito, malamin zai auna faɗinta da tsawonta, ya kafa turaku ya keɓe ɗan fili ƙarami a inda ƙuri'a ta nuna, ya roƙi mai gona kada a taɓa wurin sai yana nan, ran girbi a yanke, a shanya, a sussuke, a ɗora a sikeli, a ninka. Wahalar ita ce gonar Bahaushe ba ta nuna rana guda, gero ya riga, wake ya biyo, dawa ta zo ƙarshe, yara kuma sun riga sun karya zangarniya sun yi tumu. Akwai kuma son zuciyar hannu, wanda ke jawo zangarniyar da ke kan iyaka zuwa ciki. A ƙarshen shekarun 1980 aka gwada hanyoyi biyu, yankan ɗan fili da tambayar manomi, a ƙasashen Afirka biyar, har da Nijar, aka girbe gonaki ɗungum aka auna, sai aka tarar yankan ɗan fili yana zarce gaskiya, abin da manomi ya faɗa da bakinsa bayan girbi kuwa ya fi kusa da ita. Ina ganin wannan sakamako ya cancanci a karantar da shi a ajin farko, domin ya nuna mai dami ya san daminsa, muddin ba ya tsoron mai tambaya.

Ƙidayar jama'a kuwa ta juya ta koma ɗaya gefen. A 1952 aka bi Arewa gida gida aka sami mutum miliyan 16.8, kuma kusan kowa ya yarda an yi ragi, don tsoron haraji bai gushe ba. Amma da mulkin kai ya zo, aka gane da yawan kai ake rabon kujerun majalisa da kuɗin tarayya da makarantu da asibitoci, sai wanda jiya yake ɓoye ɗansa ya koma yana son a rubuta har wanda ke ciki. Ƙidayar 1962 aka soke ta saboda gardama, ta 1963 ta ba da miliyan 55.6 ana ta musu, ta 1973 gwamnatin Murtala ta soke ta a 1975, ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89, ta 2006 ta ba da miliyan 140. Laifin bai keɓanta da wani yanki ba, kuma ba na lissafi ba ne. Ko shekarun haihuwa sai da dabara, domin dattijon da ba a rubuta ranar haihuwarsa ba in aka tambaye shi zai ce 50 ko 60, ba zai ce 53 ba, har jadawalin shekaru ya riƙa yin tudu a kan kowane 5 da 10. Malamin ƙidaya mai haƙuri sai ya bi ta tarihi, ya tambaye shi ko ya yi wayo lokacin rasuwar Sardauna a 1966, ko ya yi aure kafin canjin kuɗi na 1973.

Ƙidayar 2006 ita ce ta farko bayan an yanke jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996, ta ba jihar mutum kusan miliyan 3.3 a ƙananan hukumomi 14, Gusau kimanin dubu 383, Tsafe kimanin dubu 266, Bungudu kimanin dubu 258. Matsakaicin ukun ya ɗan haura dubu 300, adadin da Tsafe da Bungudu ba su kai ba, Gusau kuma ta wuce shi da nisa, labarin mai gandu da maƙwabtansa ke nan ya dawo da manyan alƙaluma. Amfanin sanin jimlar mutane ya fi bayyana ran da masifa ta sauka. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mutane suna ɗauka zazzaɓi ne ko sanƙarau irin na kowace shekara, domin mutuwar yaro, abin baƙin ciki, ba baƙuwa ba ce a karkara. Da aka bi ƙauyuka biyu gida gida, aka ƙidaya rayayyu da matattu, sai aka ga kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 ya rasu cikin shekara guda, kuma mutuwar ta fi yawa a gidajen da ake daka dutsen zinariya a tsakar gida. Gubar dalma ce, ta kashe yara fiye da 400. Yawan matattu shi kaɗai bai isa ya tona asirin ba, sai da aka san cikin yara nawa, aka kuma gwama gidan da ake daka da gidan da ba a daka. Iyaye kuwa sun buɗe ƙofa sun faɗi gaskiya, har abin da ke da zafin faɗi, saboda sun ga mai tambayar magani ya kawo.

Tun daga 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, saboda haka duk adadin mutanen Gusau ko Tsafe ko Bungudu da ake gani yau a takardun hukuma ƙiyasi ne, an ɗauki na 2006 ana ƙara masa kimanin kashi 3 cikin 100 kowace shekara. Irin wannan ƙiyasi yana tsayawa ne a kan sharaɗin cewa mutane suna nan inda aka bar su, alhali ta'addancin 'yan bindiga na shekarun nan ya tashi ƙauyuka da rugage da yawa a ƙasar Tsafe da Bungudu, mutanensu sun kwararo Gusau da garuruwan bakin hanya, suna zaune a kangaye da gidajen dangi. Takarda tana ci gaba da ƙara wa ƙauyen da ya zama kufai kashi ukunsa kowace shekara, unguwar da ta karɓi mutanensa kuma ana aika mata allurar rigakafi da malaman makaranta bisa adadin da take da shi kafin su zo.